Hannu Ma Yana Sallama

Lokacin da na fara wannan aiki a New York, in ka ce wa mutum "cakra" sai ya ce ka maimaita. Yanzu kuwa har mai sayar da lemo a bakin tasha yana da kwalabe masu launi bakwai, kowace wai tana buɗe wani wuri a jikin mutum. A da sai ka shekara kana wanke tsummoki kafin a bar ka ka taɓa bayan wani. Yanzu ana shiga aji ranar Asabar a fito ranar Lahadi da satifiket. Ku ma 'ya'yanmu da aka haifa a nan kuna tare ni a ƙofar masallaci, kuna nuna min hoton mutum a zaune da fitilu jere a jikinsa, kuna cewa, "Ankul, koya mana, ai ba wuya." Ina yi muku Hausa kuna mayar min da Turanci. To ga amsata a rubuce. Wanda ya iya karatun Hausa ya karanta wa sauran.

Sunana Haruna, Bakano ne ni, sana'ata tausa. Kafin mu je ko'ina ku san wannan. Na yi wa Bayahude aiki, na yi wa mutumin Sin, na yi wa ɗan Jamaika da ɗan Rasha, amma shekarun da na yi ina da tebur a garin nan Bahaushe ko ɗaya bai taɓa kwanciya a kansa ba. In na miƙa hannu bayan sallah, wasu iyayenku kan yatsu suke ba ni, wasu su dafe ƙirji tun daga nesa. Abin da na daɗe ina nema ke nan, mutanena su karɓi hannun nan. Zan gaya muku yadda aka ƙare.

Aikin farko da na gani, a jikina aka yi shi. Ina mai dafa abinci a jirgin ruwa na kaya, muna yawo tsakanin Legas da Marseille da Jidda da gaɓar Indiya. A tashar Kochi na sunkuya zan ɗaga buhun shinkafa, bayana ya riƙe, na kasa miƙewa. Jirgi ba ya jiran mai ciwo. Wani ɗan dako Musulmi ya ɗora ni a keke ya kai ni bayan gari, gidan wani tsoho da kowa ke ce wa Asan, wato malam a harshensu. Ya kwantar da ni a kan wani faffaɗan katako da ya sha mai har ya yi baƙi. Ya ɗora tafin hannunsa a ƙuguna, ya tsaya. Bai murza ba, bai danna ba. Na ɗauka tsufa ne ya mantar da shi abin da zai yi. Can sai na ji numfashi ya fita daga ƙirjina da kansa, dogo, irin wanda yaro ke yi bayan ya gama kuka. A nan ne tsohon ya fara aiki.

Da na warke ban nemi wani jirgi ba, na zauna a gidansa. Damina ta zo ta wuce ina wanke tsummoki, ina dafa mai da saiwoyi, ina share tsakar gida. Da ya ga dama sai ya kai ni wurin saniyarsa, ba wurin mutum ba. Ya ce in ɗora hannu a haƙarƙarinta, kada in motsa sai ta saki dogon numfashi. In na yi garaje na danna, sai ta karkaɗa fata ta matsa gefe. Ya ce mutum zai yi maka kara, ya ce ya ji daɗi alhali ka ji masa ciwo, amma saniya ba ta san kara ba. Ranar da ta tsaya min, ta sauke numfashi ta ci gaba da tuƙa, na ce masa a garinmu ba a faɗa wa gidan mutum sai an yi sallama an jira an amsa. Ya yi dariya har ya nuna dasashi, ya ce to hannu ma haka yake. Duk abin da na sani a sana'ar nan a kan wannan yake zaune. Ka ɗora hannu, ka jira jiki ya amsa, sannan ka shiga.

Shi ya koya min wuraren nan bakwai. Cakra a harshen tsofaffin littattafansu tana nufin abu mai juyawa, kamar ƙafar amalanke. Suna jere a tsakiyar jiki daga ƙasa zuwa sama. Na farko a ƙarshen ƙashin baya, inda mutum ke zama. Sun ce nan tsoro ke kwana, nan kuma mutum ke jin yana da mazauni a duniya. Na biyu a mara, wurin sha'awa da jin daɗi. Na uku a ƙahon zuci, wurin ƙarfin hali da fushi. Sai ƙirji, wurin ƙauna da makoki. Sai maƙogwaro, inda maganar da aka haɗiye ke maƙalewa. Sai tsakanin gira, wurin tunani. Na ƙarshe tsakar kai, wanda suka ce tsakanin mutum ne da Mahaliccinsa. Wannan na bakwai ban taɓa sa masa hannu da niyyar gyara ba. Na gaya wa Asan addinina ya riga ya ba ni hanyar bi da shi. Ya ce shi ma ba ya shiga gonar da ba tasa ba.

Kada ku je ku ce na ce akwai fitila a cikin mutum. Na yi makaranta a nan, an nuna mana cikin jiki filla-filla, ban ga fitila ba, ban ga wani abu mai juyawa ba. Abin da hannuna ya sani shi ne damuwa tana da wuraren da take ƙulluwa, kuma ba su da nisa da inda tsofaffin Indiya suka nuna. A Omdurman na zauna da masu zikiri suna nuna wasu wurare a ƙirji suna kiran su laɗa'if. A gidan wanka a Istanbul mai tausa ba ya kiran sunan komai, murɗe ka kawai yake kamar wanki, amma in ya zo ƙirji shi ma sassautawa yake. Kakata ba ta san da wata ƙasa Indiya ba, amma in jariri ya firgita, tafi ɗaya take ɗora masa a maɗiga, ɗaya a ciki, ta yi shiru. Kowa da sunan da ya raɗa. Jikin dai ɗaya ne.

Teburin da na fi daɗewa a kansa yana ɗakin ƙasa na wani shago a kudancin Manhattan. Mai shagon wata dattijuwar Baturiya ce da ke koyar da yoga a sama. Kafin ta ɗauke ni sai da na koma aji da furfurata, na ci jarrabawar jiha, na karɓi lasisi, don a nan ba a taɓa jikin mutum da sunan sana'a sai da takarda. Na ce mata maza kaɗai zan yi wa, ta yarda. Kayan aikina ba su da yawa. Man riɗi, a ɗumama shi a cikin ruwan zafi, ba a kan wuta ba. Man kaɗanya da nake saya wurin matan Gana a Bronx, saboda masu busasshiyar fata lokacin sanyi. Zanen rufa, da matashin da ake sawa ƙarƙashin gwiwa. Farce a yanke shi ƙwal. Hannu kuma a ɗumama shi kafin ya taɓa kowa, don hannu mai sanyi baƙo ne da ya hau tabarma da takalmi.

Sai kwanonin tagulla. Waɗannan Asan bai san su ba. Na mutanen duwatsun Nepal ne, a ƙasar Turawa aka ɗaura musu aure da cakra. Mai shago ta ce masu zuwa suna son su, ta ba ni guda bakwai, manya da ƙanana, kowane da wurinsa a jiki. Ana ajiye kwano kusa da mutum, a zagaya bakinsa da sanda mai naɗin fata har ya fara kuka, mutum ya ji ƙugin yana ratsa shi. Ban ga laifinsu ba. Mutumin New York ba ya iya yin shiru sai an ba shi abin saurare.

Wani ma'aikacin banki ya taɓa shigo min da waya a hannu, ya ce in buɗe masa na tsakanin gira, yana da taro in an gama. Na ɗora hannu a ƙahon zucinsa, na ji kamar fatar ganga da ta sha rana. Na tsaya. Ya ce, "Ka fara mana." Na ce ai na fara. Ranar har lokaci ya ƙare jikinsa bai amsa ba, ni kuma ban shiga ba. Na yi masa ƙafafu da kafaɗu, ya tafi yana ƙunƙuni, ya kai ƙarata wurin mai shago. Amma ya dawo, ya kuma dawowa. Wata rana numfashin ya fita, ya yi barci har da minshari, wayar tana ta rawa a aljihun kwat ɗinsa. Wannan jiran ne ba a koyarwa tsakanin Asabar da Lahadi. Kana tsaye, mutum yana ganin ba ka yin komai, kai kuma ka daure ka ci gaba da tsayuwar.

Wani tsoho ɗan Puerto Rico, direban bas da ya yi ritaya, ya zo da kukan ciwon kafaɗa. Kafaɗar lafiyarta ƙalau. Da na sa hannu a ƙirjinsa sai hawaye suka gangara cikin kunnuwansa. Ba a magana a irin wannan wuri, riƙewa kawai ake ci gaba da yi. Da zai fita ya gaya min cewa tun da aka binne matarsa babu wanda ya taɓa shi sai masu turereniya a jirgin ƙasa. A Kano mutum ba ya wuni ba a kama hannunsa ba. A Alƙahira rungume ka ake yi ko ba ka so. A nan kuwa sai lokacin sanyi ya zo ya wuce fatar mutum ba ta haɗu da ta kowa ba. Yawancin aikina a garin nan wannan ne.

Akwai kuma abin da ba naka ba, dole ka san shi. In hannunka ya ci karo da ƙullutu mai tauri, ko mutum yana ramewa ba dalili, ko ciwo ya hana shi cin abinci, ba cakra ba ce ta toshe. Ka ɗauke hannunka ka tura shi asibiti. Wanda ya ci gaba da kaɗa kwano a kan irin wannan, alhakin rai yake ɗauka.

A unguwar Morrisania ta Bronx nake zaune, ɗaki biyu da kicin, ni da Garba, direban tasi, mutumin Damagaram, mai yawan jefa "bon" na Faransanci a magana. Bakano da Badamagare kuwa ba sa zama ba tsiya. Shi ya sa min suna Mai Kwano. Wata Lahadi na kawo kwanonin gida zan goge su, na fita sayen burodi, na dawo na tarar ya dama fura a ɗaya yana sha da ludayi.

"Garba, wane kwano ka ɗauka?"

"Wanda na ga ya fi kyau."

"Na maƙogwaro ne!"

"Bon. To ta ina kake so furar ta bi?"

Na ce Allah ya isa tsakanina da Damagarawa. Ya ce, "Ku Kanawa ai ko iska aka ce ana saye sai kun buɗe shago. Dubi, ka tsallako teku kana sayar wa Nasara kukan tasa."

Amma shi kaɗai ke cin abinci da ni a tire ɗaya. A masallaci magana ta daɗe tana yawo cewa tsafin Indiya nake yi, ina kiran aljanu da kwano kamar ɗan bori. In an yi ta a gabansa sai ya ce, "Ku ƙyale shi. Aljanin da zai amsa kiran Bakano ai yunwa ce ta koro shi." Sai a yi dariya maganar ta mutu ranar. Duk da haka bai yarda da teburina ba. Zaman mota ya cinye masa baya, in zai tashi daga kujera sai ya dafa bango. In na ce zo in duba maka, sai ya ce, "Ni? In tuɓe in kwanta Bakano ya shafe ni da mai kamar kazar gashi? Ajiye hannunka."

Muguwar shekara ta fara ne da guguwar nan da ta turo ruwan teku cikin kudancin Manhattan. Da aka bar mu muka shiga, ɗakin ƙasa ya cika da laka mai wari. Tebur ya kumbura ya dare, zannuwa sun ruɓe, kwalaben mai suna yawo. Kwanonin kaɗai suka tsira, na tsamo su ɗaya-ɗaya na wanke. Mai shago ba ta sake buɗewa ba. Ta ce ta tsufa, ta bar min kwanonin, ta koma wata jiha wurin 'yarta. Na sayi tebur mai naɗewa, na koma bin mutane gida-gida. Ku da kuke cewa ba wuya, ku gwada hawa matattakalar tasha da tebur a kafaɗa da jakar tagulla a hannu cikin ƙanƙara, ku shiga jirgin ƙasa mai lamba shida mutane suna harararku, ku sauka ku hau jirgin ruwa zuwa Staten Island, ku isa a ce muku an fasa. In an buɗe ma, sai ka zauna ka jira yatsunka su dawo jikinka kafin ka taɓa mutum. Masu kirana suka yi ta raguwa. Sababbin shaguna sun buɗe, masu fitilu da ƙamshi da yara kyawawa, ana kama wuri ta waya.

A cikin wannan sanyin na lura Garba ya rage cin abinci. Sai ya tsakuri tuwo ya ce ya ci a hanya. In ya zauna hannunsa na dafe da ƙahon zuci, wandonsa kuma yana neman faɗuwa. Na ce masa, "Wannan ba nawa ba ne, na likita ne. Gobe za mu je."

Ya ce, "Bon, yau Mai Kwano ya san iyakarsa."

Muka je. Ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Likitoci sun yi iya yinsu. Da bazara ta shigo aka kwantar da shi a asibiti. A ɗakin akwai wata nas, Sista Saratu, Kirista ce daga kudancin Kaduna. Da ta ji Hausa a bakinsa sai ta mayar da shi uba. Ita ke riƙe masa kai in yana amai, ita ke yi masa faɗa in ya ɓoye magani a ƙarƙashin matashi. Ko a nan, in na kai hannu zan gyara masa kwanciya, sai ya ture. Wata rana da hantsi tana gwada masa jini ya dube ni.

"Mai Kwano, ka iya wankan gawa?"

"Na taɓa taimakawa, a Jidda."

"To kai za ka yi min."

"Bar wannan magana, Garba."

"Ji shi! Shekara da shekaru kana roƙona in hau teburinka. Yau na yarda kana gardama. Sista, ki zama shaida. Amma fa ban da kwano."

Ta ce, "Na ji, Baba. Yanzu miƙe hannun, ka daina motsi."

Bayan 'yan kwanaki, ina cikin jirgin ruwa da tebur a gefena, Sista Saratu ta kira ni ta ce ya cika.

Wanda ke kula da al'amarin jana'iza a masallacinmu shi ne Alhaji Mumuni, mutumin Zangon Kumasi, mai shagon kayan abinci a Parkchester. Bayan azahar na gaya masa wasiyyar a gaban dattawa. Wani daga cikinsu ya ce, "Alhaji, mai kaɗa wa gumakan Indiya ƙararrawa shi zai wanke mana Musulmi?" Wani ya tambaya, wane ne ma ya ji an yi wasiyyar. Na ce nas ɗin da ke jinyarsa. Aka ce mace, kuma Kirista. Mai kare ni a irin wannan zama yana kwance a firjin asibiti.

Da la'asar sai ga Sista Saratu ta taso daga aiki da kayan asibiti a jikinta, ta yafa gyale, ta tsaya daga bakin ƙofa ta rusuna. Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri na zo wurin da ba nawa ba. Ni ba addininku nake yi ba, amma a garinmu ma ba a taka maganar mai mutuwa. A gabana ya faɗa, washegari ya maimaita, har ya ce in kun ƙi in zo in yi muku rashin kunya."

Alhaji Mumuni ya amsa irin ta mutanen Gana, ya ce, "Yoo. Wannan kam maganar Garba ce." Sannan ya juyo gare ni. "Malam Haruna, tsakaninka da Allah, mene ne a cikin kwanon nan naka?"

Na ce, "Ba komai, Alhaji. Marigayi ma fura ya sha a ciki."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Alhaji ya ja carbinsa. Ya ce, "Ni zan zuba ruwa, kai ka wanke. Zan gaya maka abin da ke bin wani. In na ga hannunka ya yi abin da ban sani ba, zan riƙe shi."

Washegari da safe muka shiga ɗakin wanka a gidan da ake shirya gawa. Tebur ne na ƙarfe mai magudana, da tiyo, da bokiti. Alhaji ya kawo garin ganyen magarya da kafur. Aka kwantar da Garba, aka rufe masa daga cibiya zuwa gwiwa. Ya rame har haƙarƙarinsa sun fito. Gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, hannunsa na dama a naɗe a kan cikinsa yadda ciwo ya saba masa, sanyi kuma ya sandarar da komai. Na sa safar hannu, na murza tafukana biyu na ɗumama su, ban ma san na yi ba. Na yi bisimilla, na ɗora hannu a ƙirjinsa, na tsaya.

Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Ruwa yana ta zuba a bokiti har ya tumbatsa. Sai na ji an kama wuyan hannuna. Alhaji ne.

"Malam, me kake yi?"

"Ina jira ya amsa."

Ya dubi hannuna, ya dubi fuskar Garba. Bai saki ba, amma riƙon ya sauya. Ya ce a hankali, "Ba zai amsa ba, Malam. Shiga. Ai ya riga ya ba ka izini."

Na shiga. Gaɓar mamaci ba a yi mata ƙarfi. Ana tallafe gwiwar hannu, a zuba ruwa mai ɗumi, a lanƙwasa kaɗan a mayar, a sake, har ta saki don kanta. Haka na bi kafaɗa, na bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, na bi gwiwoyi, har ya miƙe sambal, miƙewar da bai samu ba tun da ya fara tuƙi a garin nan. Na ɗago shi kaɗan na shafa cikinsa a hankali. Alhaji yana faɗa ina bi: tsarki, alwala, kai da gemu, ɓangaren dama, sannan hagu. Da na juya shi na ga bayan nan da ya hana ni. Tsokar gefen dama ta fi ta hagu kauri, ta ƙafar da ke taka birki. Da ya yarda tun yana numfashi, aikin da na iya ne.

Da muka tsane shi, Alhaji ya miƙo min kafur ya ce in shafa a wuraren sujada. Goshi da hanci, tafuka biyu, gwiwoyi biyu, yatsun ƙafafu biyu. Su ma bakwai ne. Na Asan suna jere a tsakiya, daga mazauni zuwa tsakar kai. Waɗannan kuwa suna inda jiki ke taɓa ƙasa. Na shafa su duka, muka sa shi a likkafani. A New Jersey aka binne shi, cikin jar ƙasa mai danshi da ba ta yi kama da yashin Damagaram ba. A bakin kabari dattawan nan suka zo ɗaya bayan ɗaya suka yi min gaisuwa, kowa da hannu biyu.

Tun daga ranar, in an yi rasuwar namiji a cikinmu, daga Morrisania har Park Hill, ni ake kira. Alhaji Mumuni ya tsufa, ya bar min bokiti da kafur. Teburin tausa na jingine shi a bayan ƙofa tun da yatsuna suka fara ciwo. Har na jingine shi babu mai rai ɗaya daga cikin mutanenmu da ya hau. In bayansu ya riƙe, shagunan nan masu fitilu suke zuwa a ɓoye, inda babu wanda ya san su. Ban ga laifinsu ba, tuɓewa a gaban wanda ya san ubanka ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ke son koyo a cikinku, ba ni da saniya a Bronx. Ya zo ya riƙe min tiyo a wankan gawa na gaba, ya ga yadda ake taɓa wanda ba zai iya cewa an ji masa ciwo ba. In ya iya wannan, sunayen bakwai ɗin ba sa cin yini guda.

Kwanonin suna nan a kan firji. Shida a jere, na maƙogwaro kuma a ciki nake dama fura, ni kaɗai. Mutanena sun karɓi hannuna, kuma ba za su mayar da shi ba, don kowannensu ya san wata rana a ƙarƙashinsa zai kwanta. Yanzu duk inda na shiga Malam ake ce min. Babu sauran mai ce min Mai Kwano.